Yadda ɗalibin fiziks zai shirya wa injiniyancin nano tun kafin ya gama digiri

Idan lokacin neman gurbin digiri na biyu ya ƙarato, 'yan aji huɗu na sashen fiziks sukan zo mini da tambaya iri ɗaya: "Malam, abin da muka karanta zai kai mu injiniyancin nano, ko sai mun sake sabon lale?" Abin da nake ce musu shi ne, digirin fiziks ya ba su ɓangaren da ya fi wuyar koyo, sai dai ya ba su shi babu lambobi, babu kemistri, kuma hannunsu bai saba da na'urar awo ba. Waɗannan giɓi uku ana iya cike su cikin shekara biyu idan mutum ya san inda ya dosa. Ni ma fiziks na karanta a nan arewa, daga baya na yi aiki a ɗakin gwajin da ake zuba siraran shimfiɗun semikondakta a kan gilashi don farantan sola, yanzu kuma ina duba furojet ɗin ɗalibai. Daga nan maganata ta fito.

Nanomita ɗaya ita ce mita a raba gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, faɗin zaren DNA nanomita 2 ne, atam uku zuwa biyar a jere kuwa su ne nanomita ɗaya. Fagen da ake magana a kai ya tashi daga nanomita 1 zuwa 100. Masanin fiziks yana son ya san dalilin da ya sa abu ke canja hali idan ya ƙanƙance haka. Injiniya kuma ana so ya ƙera abin, ya auna shi, gobe ya sake ƙera irinsa sak.

Abu na farko da za ka yi mai sauƙi ne, awa ɗaya ya isa. Ka buɗe jerin kwasa-kwasan jami'ar da ke ba da digirin farko a wannan fanni, ka ajiye shi kusa da naka. Jami'ar Waterloo ta Kanada ta fara nata a 2005, kuma sassan kemistri da injiniyancin sinadarai da injiniyancin lantarki ne suka haɗu suka kafa shi. Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta buɗe sashe guda na injiniyancin nano a 2007. Za ka ga a lissafi da kwantam da lantarki kana kafaɗa da kafaɗa da ɗalibansu, wani wurin ma ka wuce su. Inda za ka ga fari fat a naka shi ne kemistri, ilimin kayan ƙira, dabarun ƙerawa, da kwasa-kwasan awo. Ka rubuta su a takarda. Jadawalinka ke nan.

Ka sa lambobi a kwantam ɗinka

Kowane ɗalibin aji uku ya warware matsalar elektron a cikin akwati. Ya rubuta ta a jarrabawa, ya ci maki, ya manta. Kaɗan ne suka taɓa tambayar girman akwatin, domin a allo harafin L kawai ake rubutawa a wuce. To a can ɗakin gwaji wannan L ɗin shi ne komai.

Ka ɗauki kalkuleta mu yi tare. Matakin kuzari na farko shi ne h² a raba da 8mL², inda h lambar Planck ce, m nauyin elektron, L kuma faɗin akwatin. Idan faɗin akwatin nanomita 1 ne, amsar ita ce elektron-bolt 0.376, wato eV 0.376. Idan ka faɗaɗa shi zuwa nanomita 10, amsar ta ragu sau ɗari, ta koma eV 0.0038. Yanzu ka kawo lambar da ya kamata ka haddace kamar lambar wayarka: kuzarin zafi na ɗaki, kT, wajen eV 0.026 ne a kelbin 300. A nanomita 1 matakan sun fi ƙarfin zafin ɗaki nesa ba kusa ba, don haka za a ga tasirin kwantam ƙarara. A nanomita 10 zafi ya shafe su. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A cikin semikondakta elektron ba ya tafiya da nauyinsa na fili, yana tafiya da nauyin da kiristal ya ba shi, kuma a galiyam asanaid wannan nauyi 0.067 ne na asali. Ka raba 0.0038 da 0.067, za ka samu wajen eV 0.057, fiye da ninki biyu na kT. Shi ya sa siririyar shimfiɗa mai kaurin nanomita 10 take aiki a matsayin rijiyar kwantam a cikin laza ba tare da an sanyaya ta ba. Lissafin layi huɗu ne, amma ya haɗa kwas biyu da aka koya maka a zango daban-daban kamar ba su san juna ba.

Lamba ta biyu ita ce 1240. Idan ka raba ta da kuzari a eV, za ka samu tsawon zangon haske a nanomita. Giɓin kuzari, wato kuzarin da elektron ke buƙata ya tsallaka ya fara ɗaukar wuta, a kadmiyam selenaid mai girma eV 1.74 ne, wato nanomita 713, can bakin ja. Ka ƙanƙantar da shi zuwa ɗigo mai nanomita 6, zai ba da ja. Ka kai shi wajen nanomita 3, zai koma kore. Sinadarin bai canja ba, akwatin ne ya matse. A kan waɗannan ɗigogin kwantam aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel a 2023, kuma ka lura, ta kemistri aka ba su.

Haka za ka yi wa ratsa shinge, wato yadda elektron ke ɓullowa ta bayan katangar da kuzarinsa bai kai ya haura ba. A littafi abin al'ajabi ne da ake zana wa hoto. A aiki kuwa shi ne tushen madubin STM, mai gano atam da tsinin allura, wanda Binnig da Rohrer suka ƙera a ɗakin binciken IBM na Zurik a 1981: idan tsinin allurar ya matso da nanomita 0.1 kacal, wutar da ke ratsawa tana ninkuwa kusan sau goma. Shi ne kuma ciwon kan masu ƙera tiransisto. Da shimfiɗar silikon oksaid da ke ƙofar tiransisto ta sirance zuwa wajen nanomita 1.2, wuta ta riƙa yoyo ta cikinta, har Intel ya koma amfani da sinadarin hafniyam a 2007. Ka sa lambobi ka ga yoyon da idonka.

Don haka ka koma kan littafin Griffiths na kwantam, ko duk wanda aka koya maka da shi, ka bi babi uku na farko da fensir. Duk amsar da ta fito da haruffa, ka mayar da ita nanomita da eV, ka gwada ta da kT. Littafin yana da kyau ƙwarai wajen koya maka warware lissafi, amma hankalinsa yana kan atam guda da 'yan misalai tsarkakakku. Maganar daskararrun abubuwa 'yan shafuka ya ba ta.

Littattafai, da inda kowanne ya tsaya

Littattafan aji ɗaya, irin su na Halliday da Resnick ko na Nelkon da Parker da muka taso da shi, duniyarsu ta manyan abubuwa ce: gangara, igiya, ƙwallon da aka jefa sama. Jan ƙasa ne sarki a can. A ma'aunin nano jan ƙasa ba shi da ta cewa. Masu iko su ne mannewar van der Waals, cajin da ke saman fata, ɗaurin saman ruwa, da kai-komon da zafi ke haddasawa. Ƙwaya mai faɗin nanomita 10 a cikin ruwa tana yawon da ya kai wajen maikuromita 10 cikin daƙiƙa ɗaya, ninki dubu na girmanta, ba tare da kowa ya tura ta ba. Ba sai ka sake karanta waɗannan littattafai ba. Ka dai sani cewa tunanin da suka gina maka game da abin da ke da muhimmanci da wanda za a yi watsi da shi sai ya juye.

Kwas ɗin solid sitet, wato fiziks na daskararrun abubuwa, shi ne ƙashin bayan fannin nan, kuma shi ne aka fi zalunta. A yawancin wuraren da na sani, rabin zango yana tafiya a kan siffofin kiristal da alƙaluman Miller da dokar Bragg. Kafin a iso ka'idar giɓin kuzari jarrabawa ta ƙarato, sai a bi ta a gurguje, semikondakta kuma a ce ku karanta da kanku. Idan yajin aiki ya gutsure zangon, ko wannan ba a samu. Littafin Kittel, wanda ya fara fitowa a 1953, shi ne aka fi rubutawa a jerin karatu. Yana da komai a ciki, amma yakan tsallake matakai kamar da tsohon hannu yake magana. Ni shawarata ka fara da ɗan littafin Steven Simon na Oksfod, wanda laccocinsa ma suna intanet kyauta, sannan ka riƙe Kittel don dubawa. Idan ka samu bugu na takwas na Kittel, ka wuce can baya: akwai babi a kan saman fata da mahaɗar abubuwa, akwai kuma babi guda a kan ƙirar nano da Paul McEuen ya rubuta. Ban taɓa ganin ajin digirin farko da ya kai can ba.

Matsalar da ta fi girma ita ce duk waɗannan littattafai suna fara ka ne da kiristal marar iyaka, marar aibu. Da haka lissafi ke yin sauƙi. Amma ka gwada wannan ƙirga: kiyub mai atam 100 a kowane gefe, kashi 6 cikin ɗari na atam ɗinsa ne ke saman fata. Mai atam 10 a kowane gefe, wato wajen nanomita 3, atam 488 cikin 1,000 suna waje, kusan rabi. Kamar ɗan ƙauyen da rabin gidajensa ke bakin daji ne, abin da ke faruwa a gefe shi ne labarin garin. Atam na waje ba shi da maƙwabta cikakku, ɗaurinsa sako-sako ne, yana neman abin da zai kama. Shi ya sa zinare da ke narkewa a digiri 1,064 na salsiyos yake narkewa da ɗaruruwan digiri ƙasa da haka idan ƙwayarsa ta koma 'yan nanomita. Shi ya sa kuma zinaren da aka sani da ƙin shiga harkar kowane sinadari ya zama mai hanzarta haɗuwar sinadarai, kamar yadda Haruta ya nuna a Japan a shekarun 1980.

Dokar Ohm ma tana da iyaka da ba a faɗa maka ba. Elektron a cikin tagulla yana tafiyar wajen nanomita 40 kafin ya yi karo da wani abu. Idan wayar ta fi haka siranta, gefunanta ne ke tare shi, tirjiyarta ta ƙaru fiye da yadda littafi ya ce. Idan kuma ta gajarta ƙwarai, wuta tana bi ne mataki-mataki, kowace hanya guda da tirjiyar wajen kilo'om 12.9. Don wannan ɓangare ka nemi laccocin Supriyo Datta a nanoHUB, dandalin da jami'ar Purdue ke riƙe da shi. Daga ƙaramin abu yake farawa ya hau zuwa babba, akasin yadda aka koya mana.

Kwas ɗin zafi kuwa, kada injin Carnot ya cinye maka lokaci. Abin da za ka yi ta amfani da shi kullum shi ne ma'aunin Boltzmann, rabon Fermi da Dirac, da sanin cewa idan ƙwayoyi kaɗan ne to tangal-tangal ɗin awo yana da girma. Littafin Schroeder ya wadatar.

Kemistri

Nan ne ɗan fiziks ke jin kunya. Yawancinmu mun rabu da kemistri tun aji ɗaya, wasu ma da murna. Sai ga shi ranar farko a ɗakin gwaji an ce ka haɗa mililita 50 na ruwan zink asitet mai ƙarfin mola 0.1, ka daidaita pH ɗinsa, ɗan kemistri na aji biyu ya gama nasa kai kana juya kwalba kana neman nauyin mola a jikinta.

Kusan duk abin nano da za ka iya yi a ƙasar nan da kuɗin da ke hannunka, a cikin ruwa za ka yi shi. Hanyar Turkevich ta 1951 misali ce mai kyau: ana tafasa ruwan gishirin zinare, a zuba sitret, ruwan ya tashi daga rawaya-rawaya ya bi ta duhu ya tsaya a ja kamar zoɓo, yana shan haske a wajen nanomita 520. Dalilin jan launin fiziks ne, kuma da lantarkin da ka karanta za ka gane shi. Amma me ya sa ƙwayoyin suka tsaya a wannan girman, me ya hana su dunƙulewa, me ya sa ɗan gishirin girki ke mayar da ruwan shuɗi-shuɗi? Duk wannan kemistri ne na saman fata da na ƙwayoyin da ke rataye a ruwa.

Ga abin da za ka yi. Idan tsarin sashenku ya ba da damar kwas na zaɓi, ka ɗauki fizikal kemistri da inoganik. Idan bai ba da ba, ka je ka gaida lakcaran, ka roƙi izinin zama a bayan aji. Da wuya a hana ka. Abin da kake nema shi ne lissafin mola, asid da bes, musayar elektron, ire-iren ɗaurin sinadarai, saurin haɗuwa, da yadda ƙwaya ke tsirowa ta girma a cikin ruwa. Daga baya, idan ƙafarka ta tsaya, littafin Israelachvili a kan ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyi da saman fata shi ne gadar da ta haɗa fannonin biyu, kuma da harshen da ɗan fiziks ke ji aka rubuta shi.

Ka kuma yi abota da ma'aikacin ɗakin gwajin kemistri. Shi zai koya maka wanke kwalba yadda ya kamata, da zuba asid a cikin ruwa ba ruwa a cikin asid ba. Wannan ba wasa ba ne. Asid ɗin HF da ake cin silikon oksaid da shi yana ratsa fata ba tare da ka ji zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyam na jiki. Ba a taɓa shi sai da horo, da safar hannu ta musamman, da man kalsiyam gulukonet a kusa.

Awo: inda ake gane wanda ya iya

Gwaje-gwajen digirin farko, lilo da gadar mita da firizim, mutane suna raina su. Ni ba na rainawa, domin a can ake koyon kuskuren awo da zana jadawali, in dai ba kwafar rahoton 'yan bara aka yi ba. Abin da ba su koya maka ba shi ne auna abin da ido ba ya gani, inda na'ura ke ba ka zane kai kuma ka fassara.

Ga abin da nake gani kusan kowace shekara. Ɗalibi ya haɗa garin zink oksaid, ya biya kuɗi an kai wani gari an yi masa XRD, wato awon kiristal da hasken X-ray, an turo masa zane. Ya ɗauki tsinin da ke wajen digiri 36, faɗinsa rabin digiri, ya sa a ka'idar Scherrer ta lissafin girma, da tsawon zangon hasken X-ray na tagulla, nanomita 0.154. Amsar daidai wajen nanomita 17 ce. Idan ya manta bai mayar da faɗin zuwa radiyan ba, zai samu 0.29, girman atam guda, kuma na ga an rubuta haka an ɗaure an kawo. Idan ya sa kusurwar da ke jikin zanen gaba ɗaya maimakon rabinta, zai samu kusan 20. Wanda ya tsallake waɗannan ramuka biyu sai ya rubuta 16.7342, alhali na'urar kanta tana ƙara wa tsinin faɗi kuma ba a cire wannan ba. Bayan duk wannan, lambar da ya samu girman ɗan yankin kiristal ne, ba girman ƙwayar ba. Ƙwaya guda tana iya ƙunsar yankuna da yawa.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka san tambayar da kowace na'ura ke amsawa. XRD yana gaya maka wane kiristal ne da kimanin girman yankunansa. Madubin elektron na SEM yana nuna siffar sama, amma ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan sai madubin elektron na TEM. DLS, awo ta watsuwar haske, yana auna ƙwaya tare da rigar ruwa da sinadaran da ke manne da ita, don haka lambarsa takan fi ta TEM, kuma 'yan dunƙule kaɗan sun isa su ja ta sama. AFM, madubin da ke shafa samfur da allura, gwani ne a tsayi, amma a faɗi kaurin tsinin allurarsa yana shiga cikin amsar. Na'urar shan haske ta UV tana ba ka giɓin kuzari ta zanen Tauc, da sharaɗin ka san ko giɓin kai-tsaye ne, kamar na zink oksaid, ko na zagaye ne, kamar na titaniyam oksaid nau'in anatas, domin lissafin ya bambanta.

Ba sai kana da na'urar za ka koyi wannan ba. Ka sauke manhajojin auna hoto ImageJ da Gwyddion, duk kyauta ne. Ka samu hoton TEM daga wata maƙala, ka auna ƙwayoyi 200 ɗaya bayan ɗaya, ka zana rabonsu, ka ga ko matsakaicinka ya yi daidai da abin da marubutan suka ce. Wani lokaci bai yi ba, kuma ranar ce za ka fara karanta maƙala da ido biyu.

Bari in taɓo abin da ya zama yayi a jami'o'inmu: haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan ganyen zogale ko darbejiya. Hanya ce mai araha kuma ba laifi ba ce a fara da ita. Amma ruwa ya canja launi, an ga tsini a wajen nanomita 420, wannan farkon aiki ne. Ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, na Kano da na Zariya ma haka. Idan ka zaɓi wannan, ka mayar da shi injiniyanci: ka canja abu ɗaya tak, zafi ko pH ko yawan ruwan ganye, ka riƙe sauran, ka maimaita kowanne sau uku, ka nuna yadda girman ke bin abin da ka canja. Sannan don Allah a bar buɗe babi na ɗaya da laccar da masanin fiziks Feynman ya yi a 1959 a kan ƙera ƙananan abubuwa. Duk mai dubawa ya karanta wannan sakin layin har ya gaji.

Kwamfuta da ƙira

A nan ɗan fiziks ke da rinjaye, kuma wutar sola da tsohuwar laftof sun isa. Ka koyi Python da NumPy. Aikinka na farko shi ne warware lissafin Schrödinger na rijiya mai iyakar zurfi ta hanyar yanka tazara gida-gida, layi talatin ne ko ƙasa da haka. Ka canja faɗi, ka canja zurfi, ka ga matakan suna motsi. Daga nan ka sauke manhajar Quantum ESPRESSO ka lissafa giɓin kuzarin silikon. Zai ba ka wajen eV 0.6, alhali na gaskiya 1.1 ne. Ba kai ka yi kuskure ba, sanannen rauni ne na hanyar lissafin, kuma ranar da ka iya bayyana dalilinsa ka wuce masu danna maɓalli. Masu sha'awar sola suna son SCAPS, shirin kwaikwayon sola a kwamfuta na jami'ar Gent ta Beljiyam. Yana da amfani, amma duk abin da ka zuba masa shi zai dafa maka. Idan ka cire aibobin kiristal zai ba ka ingancin da babu wanda ya taɓa gani a duniya.

Ƙira kuwa babu littafin fiziks da zai koya maka ita. Ka karanta babukan ƙerawa a littafin Sze na na'urorin semikondakta: yadda ake zana da haske, a ci da sinadari, a zuba shimfiɗa, a cusa baƙin atam. Ka san cewa masana'antu sun daɗe suna zane da haske mai nanomita 193, yanzu kuma mafi ƙanƙanta da mai 13.5 ake yi, da injinan kamfanin ASML na Holan. Ka san kuma "nanomita 3" da ake tallan waya da shi sunan zubi ne, ba tsawon wani sashe na tiransisto ba. Lissafi ɗaya zai nuna maka yadda injiniya ke tunani: idan aiki yana da matakai 100, kowanne yana yin daidai sau 99 cikin 100, abin da zai fita lafiya a ƙarshe kashi 37 ne kawai. Ƙera cif kuwa matakansa ɗaruruwa ne.

Rashin ɗaki mai tsabtar masana'anta ba ya hana farawa. Ana zuba shimfiɗa ta tsoma gilashi a ruwan sinadari, ko fesawa a kan faranti mai zafi, ko juyawa da sauri, kuma ɗalibai sun sha haɗa injin juyawar da fankar kwamfuta. Geim da Novoselov da salatif suka ɓare girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya, a Mancesta a 2004. Abin da ya raba su da mai wasa da salatif shi ne sun iya auna abin da suka ɓaro.

Yadda za ka jera su

A aji biyu ka riƙe lissafi da kyau, musamman matriks da Fourier, ka fara Python, ka shiga ajin kemistri. A aji uku ka yi aikin sa lambobin nan tare da kwas ɗin kwantam, ka fara Simon tun kafin a zo solid sitet. Ka duba kuma ko sashenku ya sa wani kwas na kayan ƙira ko na nano a kashi 30 da manhajar CCMAS ta hukumar NUC, wadda aka ƙaddamar a ƙarshen 2022, ta bar wa kowace jami'a ta tsara da kanta.

Watannin SIWES kada ka ɓatar da su a ofishin da za a sa ka ɗaukar fayil don kawai yana kusa da gida. Ka rubuta takarda da wuri zuwa wuraren da ke da na'urorin awo: cibiyar SHESTCO da ke Sheda kusa da Abuja, cibiyar EMDI ta Akure da ke ƙarƙashin NASENI, cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya, ko babban ɗakin gwajin wata jami'a. Ko ba a bar ka ka taɓa na'ura ba, ka tsaya kusa da mai sarrafa ta ka ga yadda ake shirya samfur, ka tambayi abin da ke ɓata sakamako.

Wajen zaɓen digiri na biyu, ka san inda takardarka ke da daraja. Lantarkin nano, hasken nano, sola, na'urorin kwantam da lissafin kayan ƙira a kwamfuta, duk ɗan fiziks yana shiga da ƙafar dama. Maganin nano da robobi kuwa sai ka yi ramuwar oganik kemistri da bayoloji mai yawa, ka shiga da saninka. A gida akwai jami'ar AUST ta Abuja da ke da sashen kimiyya da injiniyancin kayan ƙira. A waje akwai difilomar shekara ɗaya ta cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe irin namu, da makarantar ASESMA da ke zagaya ƙasashen Afirka tana koyar da lissafin tsarin elektron.

Idan ka zo rubuta wa farfesan da kake so ya ɗauke ka, ka bar dogon yabo da maganar cewa tun kana yaro kake son nano. Ka karanta maƙalarsa guda biyu, ka ambaci abu ɗaya takamaimai a ciki. Sannan ka haɗa masa shafi ɗaya: zanen giɓin kuzarin silikon da ka lissafa da bayanin dalilin da ya sa ya gaza 1.1, ko rabon girman ƙwayoyinka da kuskuren awonsu da yawan maimaicin da ka yi, da mahaɗin da zai kai shi inda ka ajiye lambobin Python ɗinka.